Uban Da Ya Zo Awo

Tef ɗin awo ya zagaye dantsen Muntasir ya tsaya a kan rawaya, dab da ja. Malama Mahbuba, mai awon yara a ƙaramin asibitin unguwarsu a Illela, ta ƙare wa yaron kallo. Shekararsa biyu, gashi ya yi ja ya kwanta, haƙarƙari duk a waje. Tamowa ce ta soma shiga. Ta gaya wa uwarsa Na'ima cewa in tef ya faɗa ja sai kwanciya, kuma ba duk yaron da aka kwantar ke komawa gida ba. Sannan ta ce a turo mata uban.

Ta faɗa ne don dai a ce ta faɗa. Mazan garin nan suna iya tsallaka bodar Nijar safe da yamma da buhunan albasa, amma ƙofar ɗakin awo ta fi ƙarfinsu. Washegari sai ga uban yaron, Alhaji Sahabi, da babbar riga da ƙamshin turare. Ya zauna a benci cikin mata yana kallon rufi kamar an kawo shi kotu.

Malama ta soma darasin da ta maimaita har ta gaji da jin muryarta. Gero da dawa ƙarfi kawai suke bayarwa. Wake, gyaɗa, ƙwai da kifi su ke gina tsoka. Zogale da sauran ganye su ke ƙara jini, su tsare jiki daga cuta. Cika ciki da koko daban, gina jiki daban. Da ta zo kan gina tsoka, Alhaji ya sauko da idonsa daga rufi.

"Malama, mi kinka ce ka rufe haƙarƙari?"

"Wake da ƙuli-ƙuli, Alhaji. Sai ƙwai da kifi."

"Ƙwai da kihi ba ya cin su. Waken dai. To gashi fa, shina komawa shi yi sheƙi?"

Ta ce ƙwarai, amma a fara da maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa ake ciyarwa. Alhaji ya jinjina kai ya maimaita. Ya tambayi yawan waken, ya tambaya ko jiƙawa ya fi dafawa, ya tambaya ko za a ga canji kafin Babbar Salla, don shi mutum ne da ba ya son a fi shi ranar Salla. Da zai tafi ya roƙi a ba shi tef ɗaya ya riƙa awo a gida. Ya jujjuya shi ya ce, "Ba ku da wanda ya ɗara wanga tsawo?"

Mata suka kwashe da dariya. Malama kuwa har ƙwalla ta cika mata ido. Ba ta taɓa ganin uba mai dogon buri irin wannan ba.

Kuma Alhaji bai ba ta kunya ba. Ranar Lahadi an gan shi a kasuwa yana tauna wake da haƙori kafin ya saya. Ya aika ƙauyen Amarawa aka sussuko masa zogale buhu guda. Ƙuli-ƙuli kuwa sai na Ƙonni, tsallaken boda, wai na can ba a matse mansa sosai. Mutumin da bai san hanyar madafin gidansa ba, yanzu shi ke jiƙa wake da hannunsa bayan sallar asuba, ba ya yarda kowa ya taɓa.

Malama ta samu bulalar dukan mazan Illela. Duk macen da ta zo awo sai an aika ta da saƙo ga mijinta: ya je ya ga yadda Alhaji Sahabi ke yi. Na'ima tana jin ana yabon, kanta a sunkuye, tana wasa da bakin hijabi.

Ana saura kwanaki kaɗan Salla aka dawo da Muntasir. Malama ta ɗaura tef tana murmushi tun kafin ta duba. Murmushin ya ɗauke. Tef ya shiga ja, ƙafafun yaron sun soma kumburi.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ta wahala wajen neman mai laifi ba. Miji ya kawo, mace ta hana ɗanta. Ko dai ƙosan sayarwa take yi da waken, ko tana sulalar da shi gidansu a Araba. Ta faɗa mata haka a gaban mata, da murya mai ƙarfi, har da cewa wasu ba su cancanci mazan da Allah ya ba su ba.

Na'ima ta goya ɗanta, ta ɗaure zani, ta ce, "Malama, taho gidan ki gani da idonki."

A tsakar gida ba komai sai tukunyar koko tsararo da ludayi a ciki. Alhaji ya fito daga bayan ɗaki hannunsa duk ɓarɓashin ƙuli-ƙuli. Da ya ga baƙuwar sai fuskarsa ta washe, ko kallon goyon Na'ima bai yi ba.

"Malama, Allah shi saka da alheri. Wallahi duk abin da kinka ce hakanan na. Tef ɗinku ne dai ya yi kaɗan. Taho ki ga aikinki."

Ta bi shi suka zaga baya. A turke, ƙarƙashin rumfa, ragon layyar Alhaji ya ɗago kai daga bahon wake da ƙuli-ƙuli da zogale, gashinsa yana sheƙi, ko haƙarƙari ɗaya ba a gani.