Fitilar da ke Ƙofar Badamasi

Shekara tara da fitowar Badamasi daga gidan yari, amma ko gadi ya nema, da an danna sunansa a kwamfuta sai a ce ya je za a neme shi. Da aka kafa dokar shafe laifi ya yi ta zarya har aka amince masa, bisa sharaɗi guda. Aka maƙala wata 'yar fitila mai kunne a ƙofarsa, aka ce kwana bakwai kada ta ji an ambaci laifin. In ta yi ja, shafewa ta rushe, aikin direban da aka yi masa alkawari ya tafi.

To a unguwar nan, a ji mutum ya yi arziki a ƙi zuwa barka? Rana ta bakwai matarsa Laraba ta tare zaure tana roƙon mata: "Barka kawai za ku ce, don Allah!" Gogan yana tsakar gida, ya zauna, ya miƙe, ya leƙa. Fitilar koriya ce har yanzu.

Da la'asar sai ga Baba Yalwa tana dogara sanda, wadda rabonta da gidan tun ranar shari'a. Ta kama hannunsa tana hawaye.

"Ɗan nan, na ji hukuma ta yafe maka. Kada in mutu da kai a raina. Injin markaɗena da ka ɗauke, na yafe duniya da lahira."

Badamasi ya durƙusa a gabanta.

"Na gode, Baba."

Bai waiwayi ƙofa ba. Laraba ce ta waiwaya, ta ɗora hannu a ka.