Mai Kiran Sunansa

Ranar Talata wayar ta sake ƙara. Muryar na'ura daga asibitin sha-ka-tafi ta ambaci sunan yaron cikin ladabi, ta ce a kawo shi rigakafi. Tun damina yaron yake kwance a maƙabartar Falgore, amma ci gaban zamani bai samu labari ba.

Mahaifinsa ya saɓa sandar kiwo. "Yau sai sun goge shi daga kwamfutar nan tasu."

Uwar ta riƙe gefen rigarsa. "Don Allah, Malam, ka bari."

"Kullum fa sai ta sa ki kuka!"

"Ɗan fari ne. Har ya koma, kunya ba ta bar bakina ya faɗi sunansa ba. Ku ma yanzu kun daina. Muryar nan kaɗai ta rage mai kiransa."