Hasumiyar da Ɗalibi Ba Ya Hawa

A Siena ne Nunzia ta fara riƙe wa ɗanta hannun riga. Saverio yana tsaye a dandalin garin yana kallon ƙolin hasumiya, ya ce bari ya hau ya ga gari daga sama, sai ya ji an damƙe shi ta gwiwar hannu.

"Ɗalibi ba ya hawa hasumiya sai ya karɓi digiri," in ji ta. "Ka fi ni sani."

Ya sani. Kowane ɗalibi a Bologna, garin da ya je karatu, ya san in ka hau hasumiyar garin kafin ka gama karatu, ba za ka taɓa gamawa ba. Amma wannan camfin na Bologna ne, ba na Siena ba. Kuma Nunzia ta shekara talatin tana yi wa maƙwabta dariya don suna sauya hanya in baƙar kyanwa ta gifta. Bai yi musu ba. Kwanakin nan ba shi da ƙarfin musu da kowa.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya za a ɗora masa kambin ganye, irin na waɗanda suka gama jami'a. Haka ya gaya wa iyayensa. Gaskiyar ita ce rabonsa da ɗakin jarrabawa shekara uku. Ya faɗi guda ɗaya, kunya ta hana shi faɗa, ya ce ya ci. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwar ƙarya, har ya wayi gari ya sa mata rana da sa'a.

Ya je gida Matera hutun Ista da niyyar komawa shi kaɗai. Uwar ta ce atafau. Ita ba ta taɓa wuce Napoli ba, tunda dalili ya samu, za su bi shi gari-gari har Bologna. Ubansa Donato, kafintan da ko ranar da aka yi masa aikin ido sai da ya leƙa shago, ya rufe shagon na mako guda. A wajensu bikin digiri har ƙannen kaka ake kwasa a mota, amma Nunzia ta ce kakarsa ba lafiya, a bari a yi taron a gida. Saverio ya ji ɗan sauƙi, bai tambayi ƙari ba.

Sanyi ya ɗaga, itatuwa duk sun yi fure. A Roma ya zagaya da su kangayen da, yana jera musu sunayen sarakuna da shekaru, muryarsa tana fita kamar ta wani. Ya ci abinci bai ji gishiri ba. A Firenze ya tsaya gaban babbar majami'a yana jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ko tsoro ne, bai ji komai ba. Kwanakin kawai yake ji suna raguwa.

Duk masaukin da suka sauka, ɗaki ɗaya Nunzia take kamawa, mai gado uku, a ƙasa. Ta ce gwiwoyinta ba sa son bene, ita da take hawa matakalan Matera da jakar kasuwa biyu. A tashar jirgin ƙasa kuwa Donato sai ya shiga gaban Saverio ya tsaya, yana ba shi labarin katako har jirgi ya tsaya cak. Bai taɓa tambayarsa abin da ya rubuta a kundin kammala karatunsa ba. Saverio ya ɗauka kunyar wanda bai yi boko ba ce.

A Pisa ma ba a bar shi ya hau ba. Ya ɗauke su hoto suna yi kamar suna tallafe hasumiyar, Donato yana gunaguni cewa da shi aka ba aikin da ba ta karkace ba.

Ranar Juma'a ta same su a Bologna. Ya sa kwat ɗinsa. A titi 'yan mata da samari masu kambin ganye suna wucewa, abokai suna bin su da waƙar tsiya suna watsa musu garin fulawa. Su ukun suka zauna shan kofi a gindin hasumiyar. Ƙarfe goma da rabi ya miƙe, ya ce su jira shi nan, akwai takardun da zai sa wa hannu. Ba wajen jami'a ya juya ba. Idonsa yana kan ƙaramar ƙofar da ake hawa hasumiyar ta cikinta, ya san in ya kai ƙoli ba ta matakala zai sauko ba, kuma a karon farko cikin mako guda ya ji zuciyarsa ta kwanta.

Kafin ya yi taku uku, Donato yana gabansa, Nunzia ta riƙe rigar da hannu biyu.

"Mama, sake ni," ya ce. "Camfin bai shafe ni ba. Babu digiri. Babu komai ƙarfe sha ɗaya."

Ya jira ihu, ko mari. Donato dai ya sa hannu a aljihu ya fito da tikitin jirgi guda uku na komawa gida, na yau, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. A ƙasan kowanne an buga ranar da aka saya, cikin watan Fabrairu.

"Yaushe ka taɓa ganina da camfi, Savè?" in ji Nunzia, ba ta saki rigar ba. "Tun Janairu takardar makaranta ta zo gida, muka san ka daina jarrabawa. Ba digiri muka zo ɗauka ba, kai muka zo mayarwa gida da ranka."