Kujerar da Ta Rage

Kujera ɗaya ta rage a zauren taron gidajen unguwar Bukit Jalil, can ƙasar waje, mutum biyu suna kewaya ta: Malam Abdulwahidu da jikarsa Khaulah. Iyalai sun haɗu albarkacin hutun Deepavali, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, kuma da yake Malam ya hana kiɗa, tafi ake yi. Idan tafin ya tsaya, wanda ya riga zama shi ya ci.

Ba don nishaɗi Malam ya shiga wasan ba. Tun da safe ya gaya wa ɗansa Hisham, "Yarinya mai tarbiyya ba ta zama babba yana tsaye. In Khaulah ta zauna, da ita zan koma Kano."

Tafi ya tsaya. Malam ya nufi kujerar a natse, sai Khaulah ta kutsa ta ƙarƙashin hannunsa ta faɗa a kai.

Malam ya dubi Hisham. "Ka gani da idonka. A haɗa mata kayanta."

Bai rufe baki ba ƙafar kujerar ta karye, yarinyar ta zube a ƙasa. Mahaifiyarta ta ɗago ta, gwiwar hannunta tana jini.

"Ke, ba ki ga ƙafar a tsage take ba?"

"Na gani mana, Umma. Shi ya sa na riga shi. Kaka fa da ƙyar yake ɗagowa daga sujada."

Malam ya jawo wata kujera da hannunsa, ya zaunar da ita, shi kuma ya tsaya.