Direban Akori-kura da Injuna Biyu

Tunda shawara ka zo nema kafin ka yi sayayya, zauna ka ji abin da ya sami wani direba. Tsohuwar akori-kura gare shi, da ita yake kwaso ƙwai da tukwanen ƙasa daga ƙauyuka zuwa kasuwar gari, da ita kuma yake ciyar da iyalinsa. Wata shekara injinta ya buga, daidai lokacin da fetur ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ya sayar da 'yar gonarsa ta gado, ya nufi wurin masu sayar da injunan gwanjo. Aka tayar masa da guda biyu a kan katako. Na farko ya kama a hankali, yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi, aka ɗora masa kofin ruwa, ruwan ko motsi bai yi ba. Sai dai mai sayarwa bai ɓoye masa ba, ya ce akwai shi da shan mai. Da aka tayar da na biyu kuwa, katakon ya hau rawa, kofin ya yi ta matsawa har ya faɗo ƙasa, amma shi ɗan mai kaɗan yake kurɓa ya kai mutum nesa. Bakanikensa ya ja shi gefe ya ce, "Maigida, abin da ke girgiza kansa haka ba zai bar na kusa da shi ya zauna lafiya ba." Direban ya tuna dogayen layukan gidan mai, ya tuna yadda yake yini a kan hanya tanki na cinye abin da ya kamata ya zama tuwon yaransa. Ya ce jijjiga ai ba ta kashe mutum. Ya ɗauki na biyun.

Da farko ya sha daɗi. Yakan wuce gidan mai yana ɗaga wa abokan sana'arsa hannu, su suna tsaye a rana. Amma jijjigar ba ta hutawa. Madubi ya fara faɗuwa, noti ya riƙa kwancewa da kansa, ƙofa ta ƙi rufuwa sai da igiya. Mai ƙwai ta sauke kayanta ta tarar gwaiduwa na tsiyaya ta ƙasan kwali, daga ranar ta nemi wata motar. Tsohuwar da ke gina tukwane ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya a bakin kasuwa, ta ji duk sun tsage, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Ita ma bai sake ganinta ba. Abin da ya tsira da shi a gidan mai, gareji ya karɓe. Ya so ya canza injin, amma babu wata gonar da zai sayar. Hannuwansa ma suka koyi rawar sitiyari, har ya zamana in ya ɗebo lomar tuwo sai miya ta zube masa a riga, yaransa suna sunkuyar da kai kamar ba su gani ba.

Ran nan yana hawa wani tudu da lodin itace, don shi kaɗai ne kayan da ake yarda a ba shi yanzu, ashe jijjigar ta daɗe tana cin tiyon mai. Tiyon ya tsage, fetur ya zubo a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi. Da ƙyar ya kwance igiyar ƙofa ya fita da ransa. Ya watsa ƙasa, ya watsa ƙasa, har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya zauna a gefen hanya yana kallon motar tana ci da wuta tare da itacen mutane. Yau yana tasha yana yi wa wasu direbobi lodi, hannuwan nan har yanzu ba su daina rawa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.