Daren Juma'a da Tumatirin da Ya Bushe

Kai da kake ganin ka gama koyarwa tunda ka gama bayani, tsaya ka ji. An yi wani malami mai koyar da haɗa manhajar waya, mutum ne mai son jin muryarsa. Kullum yana gaban allo yana nanata wa ɗalibansa cewa kafin su rubuta komai, su zauna da mai aikin, ya kawo misalin abin da yake so manhajar ta yi, su rubuta shi da magana irin ta kowa, sannan su gwada aikinsu a kan wannan misali. Su kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangaru, ya ce an gane, su ce an gane. Ana nan ƙungiyar manoman rani ta nemi ɗaliban su haɗa mata manhajar da za ta riƙa tuna wa kowa lokacin da zai karɓi injin ban ruwa. Ɗaliban ba su zauna da kowa ba, suka karɓi jadawali suka duƙufa. Wani manomi an rubuta masa daren Juma'a, manhajar ta kira shi ran Juma'a bayan magariba. Ya je ya tarar layinsa ya wuce tun jiya, injin yana gonar wani. Kafin zagaye ya dawo kansa, dashen tumatirinsa ya bushe ƙamas.

Takaici ya ishi malamin, don babu ɗan da aka haifa a ƙasar nan da bai san daren Juma'a yana shiga da faɗuwar ranar Alhamis ba. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, suka sake gyaɗa kai. A nan ya gane da wa ya kamata ya yi fushi: da kansa. Ya ture allo gefe, ya ce wannan ya zama manomi, wancan mai haɗa manhaja, waccan mai gwadawa, su yi a gabansa. Mai haɗawa ya ɗora yatsa kan Juma'a a kalanda, sai wanda ya zama manomi ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, kashe ni za ka yi? Ai yammacin Alhamis ne." Abin da ya shekara yana zuba musu a kunne suka kama a zama guda, sai dai tumatirin bawan Allah ba zai dawo ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.