Ko a Ciwo Ma Shi Ne Mai Sa'a

Gausu ya harari gadon da ke gefensa, an gyara shi tsaf, babu kowa a kai. Ya ja tsaki.

Rana ɗaya korona ta kwantar da shi da ƙanensa Nuruddin a asibiti. Kwana uku Gausu bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, aka ce masa Nuruddin ya tafi gida. Haka abin yake tun tasowarsu a unguwar Asawase: Nuruddin ya riga shi aure, ya riga shi sayen motar haya ta tirotiro, ya riga shi zuwa Makka. Yanzu kuma har warkewa!

Ranar da za a sallame shi, ya tare nas Rafi'atu.

"'Yata, tsakaninki da Allah, wane magani kuka ba shi kuka hana ni?"

Ta sunkuyar da kai.

"Baba, ranar da kuka zo, maganin kashe ƙwayar cutar na mutum ɗaya ne ya rage. Sunansa likita ya rubuta. Shi kuma ƙanen naka ya ce a ba ka, kai wansa, don yaranka ba su girma ba."

"To... yana ina?"

"Maƙabartar Tafo, Baba. Yau sadakar bakwai."